Gwajin Kyamara a Fuskar Inna

Ni dai ban taɓa yarda da bakin mai sayar da kyamara ba. Duk wanda ka tarar a bayan kanta kalma guda ya haddace, megafiksel. Wannan tana da kaza, waccan ta ninka ta. Ka tambaye shi yadda za ta yi da baƙar fuska a ɗakin da ba taga, sai ya hau sosa ƙeya yana nuna maka hoton wata Baturiya a jikin kwali. Shi ya sa tun da na shiga sana'ar hoto nake da nawa ma'aunin, kuma ma'aunin nan fuskar mahaifiyata ce. Duk shekarun da na yi ina ɗaukar amaren mutane, abin da nake nema wa kaina bai wuce hoto ɗaya tak na fuskar nan ba, wanda zan ajiye in riƙa dubawa.

Ba da niyya na zama mai hoto ba. Maigidana ne mai sana'ar, yana da ɗan shago kusa da tasha a Daura, da labule mai zanen bene da wata kujera ta roba. Da aka shigo da Shari'a, gidaje da dama suka daina barin namiji ya kutsa cikin mata ranar kamu ko wunin suna. Aikinsa ya karye a tsakiya. Wata rana ina tankaɗe ya zo ya ɗora mini kyamarar fim a cinya, ya ce, "Daga yau ke za ki riƙa shiga."

Na ce, "Ni? Da hannun muciya?"

Ya ce, "Ai muciyar ma koya kika yi."

Fim ɗin farko da na ɗauka, da aka wanko shi rabin matan ba su da kawuna. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ƙi yi masa magana har washegari. Amma na koya, kuma ba yabon kai ba, na zo na fi shi ido. Shi ma ya sani, faɗa ne ba zai yi ba.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni aka kai ni wurin gwaggona a Daura, Inna kuwa tana Sandamu, can ta yi rayuwarta duka. Irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta ce "a zauna", "a ci abinci", kamar da bango take. In na yi sallama sai ta ce da ƙanwata, "Mutanen Daura sun iso? A shimfiɗa musu tabarma." In na zauna ta dama, ta juya hagu. Na san kunnenta, na san ƙeyarta, na san bayan hannunta da faso na dugaduganta kamar yadda na san nawa. Fuskar ce ban sani ba. Na dai san baƙa ce wuluk, tana da tsagen 'yar baka da bille siriri wanda tsufa ya fara haɗiyewa, kuma wannan ma da satar kallo na sani. Ƙannena suna hawa cinyarta su ja mata hanci. Ni ko ido ba mu taɓa haɗawa ba. Kowa yana cewa tarbiyya ce, kuma na yarda tarbiyya ce, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Da can kunya ce ta hana. Daga baya ta ji wa'azi a rediyo cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto, sai ta sa ƙanena ya sauke kalandar da ke zaure, aka tattara hotunan makarantar yara aka cusa a murhu. Ko katin zaɓe ta ƙi yi saboda wannan. Na san malamai sun saɓa a kan maganar, na ji masu cewa na kyamara daban ne da na sassaƙa. Amma wa zai je ya zauna da Inna yana mata musu? Na taɓa aika ƙanwata ta roƙar mini, lokacin ina riƙe da ta fim. Amsar da ta dawo da ita ita ce, "A gaya wa mutanen Daura su nemi abincinsu a can, Allah ya sa albarka. Nan ba a yi."

Ana nan sai kyamarar dijital, marar fim, ta shigo. Maigidana yana da wani aboki dillali a Kano mai kawo kayan hoto na hannu daga waje, yakan ba shi kyamara mu gwada, in ba ta yi ba a mayar. Ta farko 'yar ƙarama ce kamar sabulun wanka. Ranar da ta zo hannuna dama ina da niyyar zuwa Sandamu, sai na jefa ta a jaka.

Muna zaune a tsakar gida na ɗauki akuyar Inna, na miƙa wa ƙanwata ta gani a allon bayan kyamarar. Ta saki ihu, ta kai wa Inna. Inna ta duba ta gefen ido. Sai na karɓa na danna, akuya ta ɓace.

Inna ta ce da ƙanwata, "Ina ta tafi?"

Na ce, "Babu ita, Inna. An goge."

"Ba ta cikin cikinta?"

"Ba ta ko'ina. Kamar mutum ya leƙa randa ya ga kansa, ya ɗaga kai."

Ta ci gaba da murza carbi. Na ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai na sa kai. Na ce da ƙanwata, da ƙarfi yadda za a ji, matsalata ita ce ban da inda zan gwada kyamara kafin in saya. Matan da nake ɗauka baƙaƙe ne, a ɗakuna masu duhu, in na saya ba gwaji asara zan yi. Ɗakin Inna kuwa shi ne daidai, ƙofa ɗaya ba taga.

Can sai ta ce, tana kallon katanga, "In dai don sana'a ce, a ɗauka. Amma a goge nan take."

Na rantse ban taɓa jin ta yi mini wani abu da ya kai wannan ba. Ba ta iya cewa tana so na, sai ta ara mini fuskarta. Sharaɗin kuma bai taɓa canzawa ba: a ɗauka, a duba, a goge kafin a tashi. Ba ta taɓa sa kowa ya bincika ko na goge ba. Takan ce, "An goge?" in ce, "An goge," shi ke nan ta ci gaba da abin da take yi. Da ma tana bincikawa, da ya fi mini sauƙi.

'Yar sabulun nan tir da ita. Ka danna yanzu, sai ta gama tunani sannan ta ɗauka, kafin nan mutum ya juya. A ɗaki ba ta ganin komai sai da filas, filas ɗin kuma yana dukan fuska ya mayar da ita toka-toka, goshi na ƙyalli, tsagen duk ya shafe. Inna ta firgita da walƙiyar, ta ce wannan ai sai ta makantar da mutum. Muka mayar.

Ta biyu ƙatuwa ce a ido, da dogon hanci mai fita yana komawa, mata na gani su ce lallai yau an zo da babbar kyamara. Girman banza. A rana tana jawo tsuntsu daga kan kuka, amma a ɗakin Inna sai fuskar ta fito da tsaki-tsaki, ja da kore, kamar an watsa mata dussa. A nan na gane abin da masu kanti ba sa faɗa. Abin da ke kama hoton a cikin cikinta shi ne magana, in ƙarami ne, ko megafiksel ɗin ya kai yawan yashi, duhu zai kunyata shi.

Sai muka hau sahun na gaske, masu gilashin gaba da ake cirewa a sauya. A nan na zama fitinanniya, dillalin ma ya ce da maigidana matarsa ta fi kwastan bincike. Kayan hannu ne, dole ka buɗe ido. Nakan cire gilashi in haska tocila ta baya, in na ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, funfuna ce, ba ta fita, a mayar. Nakan ɗauki farin bango in duba ko akwai ɗigon da ke zama wuri guda a kowane hoto. Nakan girgiza a kunne in ji ko wani abu na kaɗawa. Nakan duba robar riƙo, in ta sha hannu ta yi sulɓi, to an tatse ta kafin ta iso mu, ko da an goge jikin yana sheƙi. In ta tsallake duk wannan, sai in hau mota zuwa Sandamu.

Gilashin da ke zuwa tare da irin waɗannan kyamarori ɗan rakiya ne kawai. A waje lafiya lau. A ɗaki sai ya hau kai da kawo, zuut, zuut, yana neman abin kamawa, ƙarshe ya tsallake fuskar ya kama jeren kwanukan da ke ƙyalli a bayanta. Sau nawa na samu hoton kwanukan Inna tangaran, har furen jikinsu, ita kuwa dishi-dishi a gaba! In ta yafa farin mayafi kuma, kyamara ta ga fari ta tsorata ta rage haske, fuskar ta zama rami. Kai, wanda ya ƙera abin nan bai taɓa shiga ɗakin tsohuwa a ƙauye ba, kuma bai yi tunanin mu ba ko sau ɗaya.

Daga baya na samu wani ɗan guntun gilashi, wanda masu hoto ke kira hamsin. Ba ya jawowa, ba ya turawa, ƙafarka ce zum ɗinka. Amma yana buɗe ido sosai, ɗan hasken ƙofa ya ishe shi. Ranar da na fara sa shi na ga fatar Inna ta fito da launinta na gaskiya, baƙi mai ɗan ja a ƙarƙashi, har na ce alhamdu lillahi a fili. Sai dai kash, don in cika allo da fuska dole in matso kusa, kusan gwiwa da gwiwa. Ina matsowa take kawar da kai. Ba da gangan ba, wuyan ne ya saba. Na samu kunne mai kyau, na samu gefen kunci da rabin 'yar baka. Su ma na goge.

Maigidana ya ga ina dawowa daga Sandamu rai a ɓace. Wata rana muna cin tuwo ya ce, "Wai ke, wa zai sani? Ki ce kin goge mana. Ki kawo in wanke miki ɗaya ki sa a ƙasan akwati."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Uwata zan yi wa ƙarya? Matar da ba ta taɓa ba ni komai hannu da hannu ba sai wannan amanar?"

Ya ce, "Don ke nake faɗa. Tsohuwa ce, yau ko gobe."

Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kada ka ƙara."

Bai ƙara ba. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, don gaskiya ya faɗa. Sai na yanke shawarar in roƙe ta da bakina, ba ta hannun kowa ba. Na je na same ta ita kaɗai a ɗaki, na durƙusa a bakin gado, na ce, "Inna, ɗaya tak. Ba zan rataye ba, ba zan nuna wa kowa ba. Ko jikokinki sa san kamanninki."

Ta kawar da kai. Sannan ta ce da ƙofar ɗakin, "In na mutu addu'a za a bi ni da ita, ba kallo ba. Kada a tsayar da mala'iku a waje saboda tsohuwa."

Na tashi na fita bayan ɗaki na yi kukana. Haushi na ji, ba zan ɓoye ba. Haushinta, da na mai wa'azin rediyo, da na duk wanda ya fara cewa uwa ta ji kunyar abin da ta haifa. Da na dawo na tarar ta sa an ƙulla mini kuka da daddawa fiye da na kullum.

Daga nan na daina sa ran ajiyewa. Abin da ya rage mini shi ne in gan ta, ko da na ɗan lokacin da ke tsakanin ɗauka da gogewa. In ga fuskar gaba ɗaya, tana kallon inda nake.

A shekarun nan sana'ar ma ta fara mutuwa a hannunmu. Waya ta shigo. Kowace yarinya a gidan biki tana ɗaga tata, wayar kuma tana yi musu abin da suke so, ta wanke fuska ta yi fari fat, ta share ƙuraje, ta sirance hanci. Ni in kawo hoto mai kyau, fata da launinta, sai amarya ta taɓe baki ta ce, "Anti, kin baƙanta ni." In ce, "'Yar nan, haka Allah ya yi ki, kuma kin yi kyau." Ta ce a dai ƙara haske. In koma shago in zauna gaban kwamfuta ina kashe aikina da hannuna, har fuskar ta zama kamar tuwon shinkafa, sannan a karɓa ana murna. Wani gidan ma ba a kira na kwata-kwata. Maigidana ya raba shagon biyu, ya sa cajin waya a gaba, kujerar roba ta koma wurin zaman masu jiran caji.

A cikin wannan halin na ce ina son a nemo mini babbar kyamara ta ƙwararru da dogon gilashi mai buɗe ido. Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, "Wa za ki ɗauka da ita? Waɗanda ke son a mayar da su aljanu?"

Na ce, "Ka dai gaya wa mutuminka."

Na yi lissafina. Tunda kusanci ne ke sa ta juya, to sai in yi nisa, gilashi ya matso a madadina. Kuma idonta ya fara yana, ba ta gane abin da ke nesa. Na sayar da tumakin da nake kiwo. Aka daɗe ana nema, har dillalin ya aiko da wata da ya samu a hannun wani tsohon mai hoto da ya ajiye aiki. Ba kwali, ba takardar bayani, maɓallai ko'ina kamar gaban mota. Nauyi kuwa, in ka haɗa ta da gilashin sai ka ce goyo. Na haska tocila, tas. Na ɗauki bango, tas. Na gwada ta a kan wani mai sayar da rake a tsallaken titi, na ga har zaren da ya fita a bakin hularsa, bayansa kuwa duk ya narke, shi kaɗai ya tsaya. Jikina ya ba ni an zo wurin. Maigidana ya yi mata caji ya sa memori, ɗan katin da ke ajiye hotuna, kamar yadda ya saba yi mini kullum, na kama hanya.

Lokacin kaka ne. Na tarar da Inna bayan la'asar a bakin ƙofar ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Inuwar katanga ta rufe ta, ga hasken yamma yana dawowa daga farar ƙasar tsakar gida yana shafa mata fuska ta ƙasa. Ko ni na tsara ba zan iya haka ba. Muka gaisa ta bakin ƙanwata. Na ce an kawo sabuwa. Ta ce, "Har yanzu ba a dace ba? To a gwada."

Ta gyara zama tana jiran in zo in tsuguna a gabanta kamar kullum. Ni kuwa na ja da baya, na wuce turmi, na wuce igiyar shanya, har na jingina da rumbu a ƙarshen gida. Na ɗaga kyamara na sa ido. Ga ta nan cike da ganina, kamar in miƙa hannu in taɓa. Ta jira, ba ta ji motsi kusa ba, sai ta koma kan gyaɗarta. Na danne gwiwar hannu a ciki, na riƙe numfashi.

Can ta ga shirun ya yi yawa. Ta ɗago kai tana nema na. Ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta miƙe ido sak inda nake, ba tare da ta san ina wurin ba. Na danna.

Na sauke kyamara na duba allo. Innalillahi. Ashe idanunta manya ne. Ashe girarta ta haɗe a tsakiya irin tawa, ba wanda ya taɓa gaya mini. Na ƙara girman hoton, ga 'yar baka layi-layi, ga billen da wanzami ya ja tun tana jaririya, ga wani ɗan tabo a ƙasan leɓe. Kuma abin da ke fuskar ba kunya ba ne. Damuwa ce, irin ta uwar da ta duba ba ta ga 'yarta ba. Ina tsaye jikin rumbu, mace da jikoki, ina kallon yadda uwata take nema na.

Ta ɗaga murya ta ce, "Wai ina aka shiga?"

Na ce, "Ga ni nan, Inna."

Nan take ta sauke kai. Ta ce, "An samu?"

"An samu."

"To madalla, an huta da yawo. A goge."

Na ce to. Amma yatsana ya ƙi. Na ci gaba da kallo, ina bin fuskar daga goshi zuwa haɓa, ina ƙoƙarin cusa ta a kaina kamar mai hadda. Ƙanwata ta zo za ta leƙa, na ture ta da kafaɗa. Inna ta tambaya ko an goge, na yi kamar ban ji ba. Hasken ya fara ja.

"An goge?"

Ba ta taɓa tambaya sau biyu ba sai ranar. Kyamara ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata. Allo ya yi baƙi. Na ce, "An goge, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi albarka." Ta tura farantin gyaɗar gefen da nake.

Ban ƙara gwada kyamara a kanta ba, tunda na riga na ce an samu, ba ni da sauran hujja. Na ci gaba da 'yan bukukuwan da ake kira na, ina cika memorin nan ina sharewa, ina mayar da baƙaƙe farare da kyamarar da ta fi ƙarfin aikin.

Da damina ta rasu. Zazzaɓi ne na ɗan lokaci, ba wanda ya zaci zai kai haka. Kafin mota ta kawo ni daga Daura an yi mata wanka an sa likkafani, maza na jira a waje. Aka ɗan buɗe mini fuskar. Ido a rufe, an ɗaure haɓa, kumatu sun faɗa. Na yi mata addu'a, aka rufe, aka fita da ita.

Ban san fuska tana gudu daga kan mutum da sauri haka ba. Ƙannena sun yi shekaru suna kallonta, tasu ta zauna. Ni kallo ɗaya na yi. Tun ana zaman makoki na fara laluben ta, in na kama idanun sai bakin ya kuɓuce. Wata rana na ce da ƙanwata billen Inna na dama, ta ce, "Haba Yaya, na hagu ne." Na yi mata tsawa na ce ni da na gani da gilashi. Daga baya na zauna na rasa ko damarta nake nufi ko tawa. Abu guda nake riƙewa in ji sanyi, shi ne ta tafi ban ci amanarta ba. Da shi nake kwana, da shi nake tashi.

Bayan an share makoki na koma shago. Wata ranar da hantsi, ba kowa sai wayoyin mutane a jikin caji, maigidana ya janyo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ɗauko babbar kyamarar, ya buɗe murfin gefe, ya nuna mini. Ramin memori biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya. Ni ban taɓa lura ba, shi ke cirewa ya sa.

Ya ce, "Dillalin ya gaya mini irin wannan tana ajiye hoto a wuri biyu. Ranar da za ki Sandamu na sa na biyu. Da kika dawo na cire na ɓoye, ban buɗe ba, wallahi ban kalla ba. Na bari ne sai kin ɗan huce." Ya zaro wani ɗan ƙullin takarda daga aljihun gaba ya ajiye a kan tebur. "Abin da kika goge na memorin farko ne. Tana nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa maci amana. Na ce ya sa na yi wa uwata ƙarya a ranar da ta sa mini albarka, ya sa na ce an goge alhali ba a goge ba. Na ce ta yi watanni tana kwance tana tashi da hotonta a aljihunsa kamar goro, kuma ta mutu ba ta sani ba. Na ce abu guda da na rage da shi ya ƙwace. Na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tun aurenmu, har mai shayin da ke gefe ya leƙo ya koma. Shi dai yana zaune, kai a ƙasa. Da na tsagaita ya ce, "To kawo in karya shi a gabanki."

Ya miƙa hannu. Na riga shi dafe ƙullin.

Na zauna a hankali, na warware takardar da kaina, na tura masa. Ban iya ɗaga ido ba. Na ce, "Sa shi."

Ya sa a kwamfuta. Ta ɗan yi tunani, ta buɗe. Fari fat, babu komai. Ya ce wataƙila na'urar karantawar ce. Ya cire ya mayar a kyamara, ya danna. Ta rubuta cewa ba hoto.

Ya kira dillalin a waya, ya sa a fili ina ji. Mutumin ya saurara, ya ce, "Ayya. Ai sai an shiga ciki an canza mata saiti take rubutawa a duka biyun. In ba a canza ba, sai na farko ya cika maƙil sannan take tsallakawa na biyu. Ban gaya maka ba?" Maigidana ya ce to na farkon fa, ba a iya dawo da abin da aka goge? Ya ce ana iyawa, in ba a ƙara ɗaukar komai a kai ba. Ya tambaya ko an ƙara. Na tuna duk bukukuwan da na cika shi da su na share.

Maigidana ya kashe wayar ya ajiye. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Cire shi ka hura. Wataƙila datti ne."

Ya dube ni. Ya cire, ya hura, ya goge a bakin rigarsa, ya mayar. Ba hoto.

Na ce ya sake.